Yadda ake shimfiɗa siririn folima da lezar UV ba tare da an ƙona shi ba

Duk wanda ya shigo lab sabo, abin da yake ɗoki shi ne ya ga leza ta harba, ya leƙa ta tagar tukunyar ƙarfen da ake aikin a ciki ya ga hasken nan da yake tashi daga kan taget, wato abin da lezar take duka, kamar harshen wuta. To in ƙarfe kake aiki da shi ko oksayid, wannan hasken alama ce ta aiki yana tafiya. Amma in folima ce, wato sinadari mai dogayen sarƙoƙi irin na filastik, ko furotin ko wani sinadari mai kabon wanda jikinsa ba ƙwari, ka ga haske ya tashi fau, to ɗan'uwa ka riga ka ƙona kayanka, abin da zai sauka kan farantinka, wato inda kake son shimfiɗar ta zauna, gawayi ne da gutsattsari. Shi ya sa na ce bari in rubuta yadda nake yi tun daga wanke faranti har zuwa duba sakamako, don wanda zai fara kar ya ɓata wata uku a inda mako biyu ya isa.

Bayani kaɗan tukuna, iya wanda kake buƙata. Harba leza kan abu don tururinsa ya sauka kan faranti tsohon aiki ne, tun 1965 Smith da Turner suka gwada da lezar rubi, sai a 1987 abin ya yi tashe da aka shimfiɗa wani oksayid mai suna YBCO da shi, wannan hanyar ita ake kira PLD. Matsalar folima ita ce hasken UV ƙwayarsa tana da ƙarfi. Lezar KrF mai zangon haske nanomita 248 kowace ƙwayar haskenta tana ɗauke da kusan eV 5, ma'aunin ƙarfin ƙwayar haske kenan, ta ArF mai 193 kuma kusan 6.4, alhali igiyar da ta ɗaure kabon da kabon a jikin folima kusan 3.6 ce kawai. Kaga ƙwaya ɗaya ta isa ta tsinka sarƙar. Dabarar da aka fito da ita a ƙarshen shekarun 1990 a ɗakin binciken sojan ruwan Amurka ita ce MAPLE: ka narkar da folimar kaɗan a cikin solbent, wato ruwan sinadarin da ke narkar da ita, ka daskarar da shi ya zama ƙanƙara, sai ka harba lezar kan ƙanƙarar. Solbent ɗin ne yake shan dukan, ya tashi ya kwaso folimar ya kai ta kan faranti, shi kuma famfo ya zuƙe shi ya fitar. Kamar yadda ake ɗauko ƙwai daga ƙauye a cikin ƙaiƙayi ne, ƙaiƙayin yana shan jijjigar hanya ƙwan ya iso lafiya. Misalin da zan bi da kai shi ne PMMA, filastik ɗin nan mai kama da gilashi da ake allunan talla da shi, a cikin toluwin, da lezar 248, domin toluwin yana shanye hasken 248 sosai ita kuma PMMA kaɗan take sha, haɗin ya dace da mai koyo.

Kayan aiki

Lezar UV mai harbi ɗaya-ɗaya. Eksima, wato lezar da ke aiki da iskar gas, ita ce aka fi amfani da ita, KrF 248 ko ArF 193. In babu, Nd:YAG wadda aka ninka ta sau huɗu tana ba da 266, kuma toluwin yana shan wannan ma.

Tukunyar bakiyum ta ƙarfe, da famfo biyu, na farko mai zuƙar farko da kuma famfon tabo (turbo) mai ƙarasa zuƙar, da ma'aunin matsin iska. Tsakanin tukunya da famfo a sa tarkon sanyi don ya kama tururin solbent, in ba haka ba man famfon zai lalace cikin 'yan kwanaki.

Taga da lens da madubai na UV. Gilashi na gama-gari ba ya barin hasken 248 ya wuce, sai silika narkakkiya ta UV, in 193 ne ma wasu sun fi son CaF2. Madubi kuma kowanne da zangon da aka yi shi dominsa, na 532 ba zai maka aiki a 248 ba.

Kofin taget na jan ƙarfe ko alminiyam mai cin kamar mil (mililita) 3 zuwa 5, da mazauninsa wanda ruwan naitirojin yake ratsawa, da moto mai juya shi, da wayar auna zafi manne a jikinsa.

Ruwan naitirojin, ya fi abin da kake zaton zaka buƙata. Zan dawo kan wannan.

Mitar auna ƙarfin harbi, da takardar ƙuna ta ganin tabon leza, da abin rage ƙarfin haske.

Faranti, wato abin da shimfiɗar za ta zauna a kai. Yankan silikon wanda aka goge fuska biyu don FTIR, na'urar da ke gane sinadari ta yadda yake shan hasken infrared, da kwaz ko gilashi in zaka duba yadda haske yake ratsawa.

Garin PMMA, toluwin mai tsabta, asiton, aisofurofanol, ruwa tatacce, sikeli mai auna miligiram, kwalba mai murfi, magnet na motsawa, hantsaki, iskar naitirojin busasshiya, da littafin rubutu.

Sai kayan kare kai, kuma dan Allah kar ka tsallake nan. Tabarau na zangon lezarka takamaimai, ka duba abin da aka rubuta a jikinsa. Hasken UV ba a ganinsa, ba zaka ƙifta ido ba, sai bayan awanni ido ya fara yi maka kamar an zuba yashi. In Nd:YAG ce hatsarin ya ƙaru domin ragowar 532 da 1064 suna biyo 266 ɗin, su kuma har can cikin ido suke kaiwa, don haka tabarau ya rufe duka ukun. Cire agogo da zobe. Riga mai dogon hannu. Safar hannu ta sanyi da garkuwar fuska lokacin zuba naitirojin. Iskar eksima tana da fulorin a ciki, guba ce, ba kai ne zaka canza ta ba sai wanda aka koya wa. Lezar 193 kuma tana haifar da ozon a iska, in ka ji wani wari mai kaifi shi ne, a rufe hanyar hasken da bututu a hura naitirojin ciki.

Mataki na 1: haɗa ruwan

Kashi 1 cikin 100 ta nauyi zaka fara da shi. Toluwin mil 10 nauyinsa kusan giram 8.7 ne, don haka PMMA miligiram 88 zaka auna. Zuba garin a kwalba, zuba toluwin, jefa magnet, rufe, ka bar shi yana juyawa a cikin akwatin zuƙe tururi. PMMA ba ta da gaggawar narkewa a toluwin, wani lokaci sai ta kwana, in ka ɗan ɗumama zuwa digiri 40 ko 50 ta fi sauri. Ɗaga kwalbar ka kalle ta a haske, in ka ga wasu 'yan dunƙule masu kama da jeli suna yawo bata gama ba. Ni ina tace shi da sirinji mai matata kafin in yi amfani.

Kuskuren da kowa yake yi a nan shi ne ya ce bari in zuba da yawa don shimfiɗar ta yi kauri da wuri. Mutane suna aiki tsakanin kashi 0.1 zuwa 5, amma da zarar ka wuce 2 ko 3 sarƙoƙin folimar sun fara sarƙewa da juna a cikin ƙanƙarar, sai su riƙa tashi a dunƙule, fuskar shimfiɗar ta fito da ƙuraje, kuma hasken da folimar take sha kai tsaye ya ƙaru. In kauri kake so ƙara yawan harbi, kar ka ƙara gari.

In ba PMMA kake aiki da ita ba, ka'idar zaɓen solbent guda huɗu ce a wurina: ya narkar da kayanka sarai, ya sha hasken lezarka fiye da kayan nesa ba kusa ba, ya daskare a sanyin da kake iya kaiwa, kuma ya zama mai saurin tashi don famfo ya kwashe shi. Ka sa solbent ɗin shi kaɗai a na'urar UV-Vis mai auna yawan hasken da abu yake sha ka duba, ka sa kayan ma ka duba, minti goma ne. Kulorofom yana narkar da abubuwa da yawa shi ya sa ake ruɗuwa da shi, amma UV yana fasa shi ya saki kulorin mai kai wa folima hari, an ga haka a aikin wata folima mai suna PEG. Benzin yana daskarewa da wuri a digiri 5.5 amma yana jawo ciwon daji, ni ba na taɓa shi. Ruwa kuma hasken 248 da 266 ratsa shi suke yi su wuce, kaga in ka daskarar da furotin a ruwa ka harba, furotin ɗin ne zai sha dukan.

Mataki na 2: wanke faranti

Yanka silikon santimita 1 ko 2 kowane gefe. Asiton minti 10 a cikin bahon girgiza, aisofurofanol minti 10, ruwa tatacce minti 10, sannan ka busar da iskar naitirojin, kana riƙe da shi da hantsaki ta gefe kana kora ɗigon zuwa ƙasa. Kar ka bar asiton ya bushe da kansa a kai, tabo yake bari. Ajiye yanki ɗaya daga faifan silikon ɗaya da shi wanda ba zaka shimfiɗa masa komai ba, zai maka amfani a mataki na 8. A kan farantin da zaka auna kauri, rufe wani ɗan gefe da tef ɗin Kapton ko da wani ɗan yankan silikon, don in ka cire a samu matakala.

Mataki na 3: auna tabo ka yi lissafi

Nan ne aikin yake, kuma nan ne na fi daɗewa da duk wanda nake koya wa. Abin da ƙanƙara take ji shi ne ƙarfin harbi a raba da faɗin wurin da ya sauka, shi ake kira fuluwens, jul a kan santimita murabba'i. A PLD na oksayid ana kaiwa 1 zuwa 3, a namu kuwa tsakanin 0.05 zuwa 0.5 ake wasa, ni ina farawa a 0.1 zuwa 0.2.

Kunna lezar ta yi ɗumi kamar minti 10 zuwa 15 tana harba wa abin tare haske, eksima ba ta daidaituwa daga kunnawa. Sa wata 'yar ƙofa mai kusurwa huɗu a hanyar hasken ta yanke gefe-gefen da ba su da ƙarfi, tsakiyar kawai ta wuce, sai lens ya ɗora hoton ƙofar a kan taget. Manna takardar ƙuna a daidai tsayin da fuskar ƙanƙarar za ta kasance, ba a gindin kofi ba, a harba sau ɗaya. Ciro ka auna tabon da gilashin ƙara girma. Da yake hasken a karkace yake sauka, kusurwar digiri 45, tabon zai miƙe ta gefe ɗaya kusan sau 1.4, shi ya sa ba a auna shi a waje a ce shikenan.

A ce tabon ya fito milimita 2 da milimita 4. Faɗinsa santimita murabba'i 0.08 kenan. Kana son 0.2, sai ka ninka, 0.2 sau 0.08 ya ba ka jul 0.016, wato milijul 16 a kan taget. Tagar silika marar rufi tana cin kusan kashi 8 zuwa 10 na hasken ko da sabuwa ce, don haka a waje kana neman kusan milijul 18. Amma mafi kyau ka shigar da kan mitar cikin tukunyar ka auna bayan taga, domin tagar tana yin dusu-dusu da tururin ayyukan baya, ido ba ya gani amma tana iya cinye kashi mai yawa. Ni duk bayan aiki biyu ko uku nake ciro ta in goge da asiton da takardar lens.

Wani abu kuma, eksima tana iya ba da ɗaruruwan milijul, kai 18 kake so. Kar ka rage ta ta hanyar saukar da wutar lezar can ƙasa, harbinta zai riƙa hawa da sauka. Bar ta a inda take zaune daram ka rage hasken da abin ragewa, in babu shi jera fallayen kwaz a hanya kowanne yana zaftare kaɗan, amma ka tare hasken da suke mayarwa gefe kar ya je ya samu idon wani.

Mataki na 4: daskarar da taget

Kafin ka taɓa naitirojin, ɗaura farantanka a mazauninsu, su fuskanci wurin da tabon zai sauka, tazarar santimita 4 zuwa 5. Kusa ya fi kauri amma ya fi ƙuraje, nesa ya fi santsi amma sai ka daɗe. Gwada moto, gwada murfin da ke tare faranti, shirya sukurori da sifana a kusa. Da zarar ƙanƙara ta fito ba lokacin neman komai.

Toluwin sai a digiri 95 ƙasa da sifili yake daskarewa, ruwan naitirojin kuma yana kan 196 ƙasa da sifili. Zuba ruwan haɗin a kofi, kar ya cika baki, bar kamar milimita 1. Sai ka sauke kofin da hantsaki cikin kwano mai naitirojin a hankali, ruwan ya taɓa gindi da gefe kawai, kar ya kwararo ciki. Zaka ji yana tafasa fuuu, sannan ka ga fari ya fara daga gefe yana matsowa tsakiya kamar man shanu yana kamawa a ƙwarya. In ka tsoma gaba ɗaya lokaci guda ƙanƙarar za ta tsage ko ta yi tudu a tsakiya, tudu kuwa yana canza girman tabo duk zagayen da moto ya yi, lissafinka na mataki na 3 ya tashi a banza. In kuma ka yi sanyin jiki da yawa folimar tana taruwa wuri ɗaya a inda ya daskare a ƙarshe. Minti 3 zuwa 5 ya kama, sannan ka nutsar da shi duka ya ƙara minti 10. 'Yar tsaga siririya ba komai, in ta rabe gida biyu narkar ka sake.

A lokacin nan mazaunin da ke cikin tukunya ya riga ya fara sanyi, kuma kana hura naitirojin busasshiya cikin tukunyar don kar raɓa ta daskare a kansa. Ɗauko kofi, ɗora, ɗaure, rufe ƙofa. Ni ina ƙoƙarin kar ya wuce minti ɗaya.

Lita ɗaya ta ruwan naitirojin tana zama iska kusan lita 700, ba ta da wari, tana korar iskar shaƙa daga ɗaki mutum ya faɗi bai san dalili ba. Buɗe ƙofa, kar ka yi aikin kai kaɗai, kar ka shiga lifta tare da tulunsa.

Mataki na 5: zuƙe iska

Buɗe bawul ɗin famfon farko a hankali. Ka bari matsin ya ɗan sauka kafin ka cika tarkon sanyi, domin in iska mai yawa tana ratsa tarkon da ke kan 196 ƙasa da sifili iskar oksijin tana zama ruwa a ciki, ita kuma in ta haɗu da solbent abin fashewa ne. In matsin ya kai inda littafin famfonka ya ce, kunna famfon tabo. A tamu tukunyar muna jira ya sauka wajen 0.00001 na milibar. Ido ɗaya a kan ma'aunin matsi, ɗayan a kan zafin taget. Ina so in ga 160 ƙasa da sifili ko fiye kafin in fara, kuma ba na yarda ya yi ɗumi ya wuce 140 ƙasa da sifili ana cikin aiki, domin wayar tana jikin kofi ne, fuskar da leza take duka ta fi haka ɗumi. In matsin ya ƙi sauka, ko dai zoben robar ƙofa bai zauna ba, ko taget ɗin ne yake narkewa yana tashi.

Mataki na 6: harbi

Kunna moto, zagaye 5 zuwa 10 a minti ya isa. Rufe faranti da murfinsa, harba kamar sau 500 zuwa 1000. Wannan sharar fuska ce, duk saurinka sai raɓa ta daskare a saman taget lokacin ɗaukowa, kuma ba ka son ta a shimfiɗarka.

Sai ka buɗe murfi. Harbi 10 a daƙiƙa, 18,000 rabin awa kenan, gwajin farko ya isa. Matsin zai ɗan hau ya tsaya, a wurinmu yana zama tsakanin 0.0001 da 0.001, alama ce solbent yana tashi famfo yana kwashewa. Kashe fitilar ɗaki ka leƙa da tabarau a idonka. Abin da ya kamata ka gani shi ne ɗan shuɗin ƙyalli a inda hasken yake sauka, da zobe yana zanuwa a kan ƙanƙarar, sama da ita kuma kusan babu komai. In ka ga harshen haske ya tashi tsaye, tsaya ka rage ƙarfi. In zoben ya fara komawa rawaya ko ruwan ƙasa, kayan suna ƙonewa a wurin, ko ƙarfi ya yi yawa ko tabon ya daɗe a layi ɗaya. Matsar da hasken da madubi kaɗan-kaɗan daga gefe zuwa tsakiya don kar ya haƙa rami, in ramin ya yi zurfi tururin yana karkacewa ya bar faranti, in kuma ya kai gindin kofi to jan ƙarfe kake shimfiɗawa.

Kar ka ce bari in kai harbi 30 ko 50 a daƙiƙa in gama da wuri, zafin ba zai samu lokacin fita ba, fuskar ta narke.

Na ce zan dawo kan naitirojin. Akwai ranar da tulun ya ƙare mana saura kamar minti 8 mu gama, mun ɗauka da sauran rabi. Zafin taget ya fara hawa a hankali, 150, 130, 110 ƙasa da sifili, sai kawai allurar matsi ta yi tsalle, famfon tabo ya canza kuka ya kashe kansa. Da muka buɗe, toluwin ɗin ya tafasa ya fantsamu, faranti huɗu duk sun yi ɗige-ɗige kamar bangon da ruwan sama ya taɓa, tagar ma sai da muka wanke. Tun daga ranar nake auna tulun a sikeli kafin in fara, kuma ina ajiye wani cike a gefe.

Mataki na 7: saukewa

Tsayar da leza, rufe murfin faranti, auna ƙarfin harbi kuma ka rubuta, in ya sauka da yawa daga na farko ka san dalilin in kauri bai kai ba. Kar ka kashe sanyi tukuna. Rufe bawul ɗin famfon tabo, shigar da naitirojin busasshiya a hankali har matsin ya dawo daidai da na waje, buɗe, fara ciro faranti ka sa a akwatinsu, sannan kofin, ka kai shi akwatin zuƙe tururi ya narke can. Ragowar a kwalbar sharar solbent ake zubawa, ba a kwata ba. Tarkon sanyi ma a ware shi a bar shi ya huce a inda tururi zai fita. In ka yi akasin haka ka bar taget ya narke tare da faranti a ciki, tururin toluwin zai sake narkar da shimfiɗar da ka sha wahala a kanta.

Rubuta komai yanzu-yanzu: kashin haɗi, girman tabo, ƙarfi kafin da bayan, tazara, yawan harbi, zafi, matsi, har da kalar zoben.

Mataki na 8: duba abin da ka samu

Karkata silikon ɗin a haske. Shimfiɗa mai kaurin gomman nanomita zuwa ɗari da wani abu tana canza masa kala, ruwan ƙasa-ƙasa ko shuɗi, gefen da ka rufe da tef kuma yana nan yadda yake. Wannan ya nuna wani abu ya sauka, bai nuna PMMA ce ba.

FTIR ce za ta faɗa maka. Fara da yankan nan da ka ajiye a matsayin tushe, domin silikon kansa yana da tasa alamar wajen lamba 1107 da 610 a kan zanen da na'urar take fitarwa, in ba ka cire su ba zaka ɗauka na folima ne. Sannan ka ɗiga ɗigo ɗaya na ruwan haɗinka a wani yankan ya bushe, shi ne abin kwatance. Ɗora zanen biyu kan juna. PMMA tana da babban tsini wajen 1730, wasu a 1150 da 1240, da na wajen 2950. In suna nan a wurarensu kuma tsayinsu da juna bai canza ba, madalla. In na 1730 ya rage idan aka gwada da na 2950, ko wani sabon tudu ya fito wajen 1600 zuwa 1650, leza ta taɓa kayan, rage ƙarfi da rabi ka sake. In ka ga tsini wajen 730 da 695, toluwin ne ya maƙale, sa farantin a bakiyum ya kwana.

Amma FTIR ba ta ganin sarƙar da ta tsinke gida biyu ko uku, sai GPC mai auna tsawon sarƙa, kuma wannan yana son kaya da ɗan yawa, sai ka tara daga aiki uku ko huɗu ka wanke su cikin kwalba ɗaya. Wanda zai rubuta takarda ya ce folimarsa ta iso lafiya bai yi GPC ba, a ganina bai gama aiki ba.

Kauri kuma a auna a matakalar tef da furofilomita ko AFM, na'urori masu bin fuska da allura suna auna tudu da kwari, a wurare uku aƙalla domin tsakiya ta fi gefe. Raba kaurin da yawan harbi, daga nan ka san harbi nawa kake buƙata don kowane kauri. A AFM ko na'urar ƙara girma ta SEM kar gabanka ya faɗi in ka ga dunƙule da wasu abubuwa kamar balan-balan da ta sace. Da farko an ɗauka folimar ɗaya bayan ɗaya take tashi, sai lissafin kwamfuta na Leveugle da Zhigilei a 2007 ya nuna a cikin ɗigon solbent take tafiya, ɗigon ya sauka solbent ya fice fatar ta lotsa. Ana rage su da rage kashin haɗi, rage ƙarfi, ƙara tazara, ko ɗumama faranti lokacin aiki. PMMA tana fara laushi wajen digiri 105, in ka kai farantin kusa da nan fuskar tana kwantawa, amma furotin ko magani ba a yi musu haka.

In wani abu ya rasa

In ba naitirojin sai busasshiyar ƙanƙara, ita tana kan 78 ƙasa da sifili, ba za ta daskarar da toluwin ba. Sai dai ka koma solbent mai saurin daskarewa irin DMSO da ke kamawa wajen digiri 19, in kayanka suna narkewa a ciki. Illarsa ba ya son tashi, yana maƙalewa a shimfiɗa, kuma yana ratsa fata ya shigar da abin da ke cikinsa, a kula da safar hannu.

In ba moto, matsar da hasken da madubi da hannu duk bayan harbi ɗari biyu ko uku, da wahala amma yana yi. In ba mitar auna ƙarfi, aro, kar ka yi aiki da ƙiyasi.

In kayanka a ruwa kawai suke narkewa, nemi lezar Er:YAG mai nanomita 2940, ba UV ba ce, ruwa yana shanye ta sosai kuma ƙwayar haskenta ba ta da ƙarfin tsinka sarƙa.

In kuma kayan ba sa narkewa a komai, irin Teflon, sai PLD kai tsaye: a matse garin a injin matsi ya zama ƙwaya, a gasa ta kama jikinta, a harba ba tare da daskarewa ba. A nan sarƙar tana tsinkewa ne ta sake haɗuwa a kan faranti mai zafi, don haka abin da ka samu ba lallai tsawonsa ya zama irin na asali ba.

In shimfiɗa ɗaya kawai kake so a kan gilashi mai baje, kuma kayanka suna narkewa, injin juyi na sifin-kotin zai ba ka wadda ta fi santsi cikin minti ɗaya, je ka yi can. Wannan wahalar ana shanta ne in zaka ɗora folima kan wata folimar da solbent zai wanke, ko ka rufe abu mai lungu-lungu irin ƙarfen da ake dasawa a jiki, ko ka sa 'yan nanomita ƙididdigaggu a kan ƙaramar na'urar shinshinar sinadari, wanda shi ne ma aikin da ya sa aka ƙirƙiro hanyar tun farko.

Gwajinka na biyu ka canza abu ɗaya tak, ni ƙarfin harbi nake fara canzawa: 0.05, 0.1, 0.2, 0.4, sauran komai yana nan yadda yake, sabon taget kowane karo, sannan ka jera zanen FTIR ɗin huɗu ka ga a inda tsinin 1730 ya fara sauka. Ƙasa da nan kaɗan zaka zauna.